Idan Gani Ya Kori Ji

A shekarar 1975 ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila da ake kira Pink Floyd ta fitar da faifanta mai suna Wish You Were Here. Duk wanda ya ɗora wannan faifai sai ya yi haƙurin kusan minti huɗu kafin ya iso ga wasu sautuka huɗu da David Gilmour ya kaɗa a jitarsa, ɗaya na bin ɗaya, sannan ya janye hannu ya bar su suna amsa kuwwa har suka dushe. Yaron da ya yi wata guda yana koyon jita zai iya ɗora yatsunsa a inda Gilmour ya ɗora nasa. Duk da haka, rabin ƙarni ke nan mutane suna jin waɗannan sautuka huɗu tsikar jikinsu na tashi.

Shekara uku bayan haka, a 1978, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Eddie Van Halen, haifaffen ƙasar Holan da ya girma a Kalifoniya, ya saki wani ɗan gajeren kiɗa a faifan farko na ƙungiyarsu. Sunan kiɗan "Eruption", wato aman wuta irin na dutse, tsawonsa kuwa bai cika minti biyu ba. A al'ada hannu ɗaya ke danna tsirkiya a wuyan jita, ɗayan kuma ya kaɗa ta. Shi kuwa sai ya hau da hannayensa biyu kan wuyan jitar yana ƙwanƙwasa tsirkiyoyin da kan yatsu, sautuka suka riƙa zubowa kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. Ba shi ya ƙago dabarar ba, amma ta hannunsa duniya ta san ta, har samari da dama suka kulle kansu a ɗaki wata da watanni suna neman gano yadda aka yi.

Waɗannan kaɗe-kaɗe biyu sun zama tamkar tutocin wata gardama da ta daɗe tana raba kan masu sauraron rok. Ɓangare ɗaya na cewa gwanin jita shi ne wanda yatsunsa suka fi sauri da tsabta, wanda ya iya abin da ya gagari saura. Ɗaya ɓangaren na cewa sauri wasan motsa jiki ne kurum, kiɗan ƙwarai shi ne wanda ya sosa rai ko da da sauti ɗaya ne. Mai karatu na iya cewa ai wannan musu ne na cika dare, kowa ya saurari abin da ransa ke so a wuce wurin. Ni ma da haka na ɗauka. Amma da na daɗe ina juya maganar, sai na ga tambayar da ke ƙarƙashinta ta wuce jita, domin ta shafi malami a gaban ɗalibai, da likita a gaban majinyaci, da mai alƙalami a gaban takarda. Mene ne amfanin gwaninta, kuma wa take yi wa aiki?

Harshenmu ya yi mana gata a nan, don kuwa ya ɗora nauyi mai yawa a kan ƙaramar kalma guda, wato "ji". Da ita muke jin ƙara a kunne, da ita muke jin zafi a jiki da tausayi a zuciya, da ita kuma muke jin Hausa ko Larabci, ma'ana mu fahimta. Bahaushe bai raba sauraro da taɓuwar zuciya ba. Wanda aka yi wa magana ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, cewa ake yi bai ji ba. Muna kuma da karin maganar da ke cewa gani ya kori ji. A kasuwa da gaban alƙali wannan gaskiya ce, saboda shaidar ido ta fi ta labari. A fagen kiɗa kuwa, duk ranar da gani ya kori ji an yi hasara, kuma a ganina nan ne tushen gardamar yake.

Bari mu fara ba masu fifita shauƙi haƙƙinsu, don hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wanda suka fi kafa hujja da shi shi ne B.B. King, baƙar fatar Amurka da aka haifa a jihar Misisipi a 1925, ya tashi yana aikin gonar auduga. Kiɗansa bulus ne, kiɗan baƙin ciki da juriya na jikokin bayi, wanda daga jikinsa rok ya tsiro. King ba ya gudu a kan tsirkiya, shi da bakinsa ma ya amsa cewa bai gwanance da haɗa sautuka da yawa a bugu ɗaya ba. Yakan rera baiti ya yi shiru, sai jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille ta amsa masa da sauti biyu ko uku masu rawa kamar muryar mai shirin kuka. Wanda ya saurari faifan Live at the Regal, da aka ɗauka a gaban jama'a a birnin Shikago a 1964, zai ji yadda mutane ke sowa suna amsa masa kamar da su yake zance. Shi kuma Neil Young, a waƙarsa "Cinnamon Girl" ta 1969, da aka zo wurin da mai jita kan nuna bajintarsa, sai ya tsaya a kan sauti ɗaya yana ta nanata shi. Wannan ba zai zama baƙon abu ba ga kunnen da ya san abin da Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya.

Tarihi ma ya goya musu baya har sau biyu. A tsakiyar shekarun 1970 manyan ƙungiyoyin rok sun kai matsayin da kiɗa guda kan cinye fuskar faifai sukutum, makaɗi ya yi minti goma ko fiye shi kaɗai yana baje kolinsa. Matasan birane, waɗanda ba su da kuɗin kayan kiɗa masu tsada, suka ga an mayar da su 'yan kallo a wasan da ake cewa nasu ne. Sai ga ƙungiyar Ramones ta birnin New York a 1976 da faifai mai waƙa 14 cikin kimanin minti 29, babu ado babu kwana-kwana. A farkon 1977 wata 'yar mujallar matasa a Ingila ta zana yadda ake danna haɗin sauti uku kacal, ta ce wa mai karatu wannan ya ishe shi, ya je ya kafa ƙungiya. Salon da aka kira punk ke nan. Haka aka sake yi a 1991 da faifan Nevermind na ƙungiyar Nirvana, wanda a watan Janairun 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga saman jadawalin ciniki a Amurka. A waƙar da ta fi shahara a cikinsa, da aka ba jitar Kurt Cobain fili, ba ta yi komai ba face maimaita karin da bakinsa ya riga ya rera. Sau biyu ke nan jama'a suna nuna cewa sun gaji da kallo, suna son su ji.

Sai dai idan aka matsa kusa, za a tarar hujjar tana da ɓaraka. Rawar da sautin B.B. King ke yi ba daga sama ta faɗo ba. Ya ba da labarin cewa ɗan'uwansa Bukka White yana kaɗa jita ta hanyar zamar da ƙarfe a kan tsirkiya, shi kuma ya yi sha'awar wannan kukan amma hannunsa ya kasa, sai ya dinga girgiza yatsa a kan tsirkiya har ya sami abin da ya yi kama da shi. A 1956 kaɗai ya hau dandamali sau 342. Yatsan da ya sha irin wannan horo ba za a ce da shi jahili ba. Mai jitar Ramones kuwa, da ake yi wa kallon marar fasaha, ƙasa kawai yake buga tsirkiya, cikin sauri, ba ya ɗaga wa hannunsa ƙafa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Duk wanda ya raina wannan ya gwada na minti biyu ya ji abin da wuyan hannunsa zai gaya masa. Gilmour da kansa ya bayyana yadda ya yi kiɗan jitar da ke cikin "Comfortably Numb", a faifan The Wall na 1979, wanda mutane da yawa ke ɗauka ƙololuwar shauƙi. Ya kaɗa shi ne sau biyar ko shida, ya zauna ya saurara, ya zaɓi inda ya fi kyau a kowanne ya haɗa. Abin da mai sauraro ya zata hawaye ne da suka zubo a take, ashe ɗinki ne da aka yi a tsanake. Wannan bai mayar da shi ƙarya ba, don mai rubuta wa amininsa ta'aziyya ma yakan goge ya sake. Zuciya tana da abin faɗa amma ba ta da yatsu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ma wani haɗari da ya fi wannan. Kalmar shauƙi mayafi ce mai faɗi, malalaci na iya lulluɓa da ita, haka ma mai hassada. Wanda ya kasa jure wahalar koyo yana da sauƙin cewa shi daga zuciya yake kaɗawa, wanda ya fi shi kuwa inji ne. To wa ya buɗe masa ƙirjin wancan ya duba? A ɗauki Yngwie Malmsteen, ɗan ƙasar Suwidin, wanda faifansa Rising Force na 1984 ya zama abin misali wajen sauri, kuma aka fi jifan sa da cewa ba ya jin komai. Shi ya ce yana ɗan shekara bakwai ya ga labarin mutuwar Jimi Hendrix a talabijin, tun ranar ya ƙudurta sai ya kaɗa jita. Daga baya ya kamu da son kiɗan Paganini, gwanin gogen Italiya, ya yi shekaru yana ɗora shi a kan jita. Mutum ba ya ba abu ƙuruciyarsa duka alhali ba ya son sa. Muna da ikon cewa kiɗansa bai taɓa mu ba. Hukunta abin da ke zuciyarsa kuwa ya fi ƙarfinmu. Bugu da ƙari, ba baƙin ciki kaɗai ake ji ba. Murnar mai sukuwa a kan doki ita ma ji ce, kuma ba ta tafiya sannu.

Wannan ba ya nufin masu fifita gwaninta sun tsira. Bayan Van Halen, shekarun 1980 sun zama filin tsere, har aka kai ga auna makaɗi da yawan sautin da zai iya zubawa a cikin daƙiƙa. Abin da irin wannan kiɗa ke haifarwa a zuciya mamaki ne, shi kuwa mamaki gajeren rai gare shi. Mai rufa-ido yana burge mu ne muddin ba mu gano dabararsa ba. Ran da muka gano, ko ran da wani ya zo da wadda ta fi ta, shi ke nan an tashi wasa. Mafi muni shi ne inda irin wannan kiɗa ke juya fuskar mai sauraro. Kunne ya koma ɗan rakiya, ido ya kafe a kan hannu, tambayar da ke yawo a kai ita ce yaya aka yi ya iya haka. Waƙar ta daina magana a kan soyayya ko yaƙi ko rashi, ta koma magana a kan makaɗin, saƙonta ɗaya tak: ku gan ni. A nan ne gani ya kori ji.

Abin lura, shi Van Halen bai cika faɗawa wannan rami ba. "Eruption" kiɗan da yake motsa yatsu da shi ne, mai shirya faifan ya ji ya ce a ɗauka, kuma shi da kansa ya riƙa cewa akwai kuskure a ciki da ke damun sa duk sanda ya saurara. A 1982, da aka gayyace shi ya sa hannu a waƙar "Beat It" ta Michael Jackson, ya yi kiɗansa na kimanin rabin minti daidai da buƙatar waƙar, bai karɓi ko sisi ba. Masu kwaikwayonsa da yawa sun ɗauki hannun, suka bar farin cikin da ke motsa shi.

Wanda ya fi kowa rusa katangar da ke tsakanin ɓangarorin biyu shi ne Jimi Hendrix. An haife shi a Siyatil a 1942, bahago ne, sai ya kifa jitar masu hannun dama ya sake ɗaura mata tsirkiyoyi. Kafin ya je Landan a 1966 ya yi suna, ya yi zaman soja, ya kuma yi shekaru yana kiɗa a bayan mawaƙa irin su Little Richard, inda ba a ba shi damar ɗaga kai. Ranar Litinin 18 ga Agustan 1969 da safe, a bikin Woodstock, bayan mafi yawan jama'a sun watse, ya kaɗa taken ƙasar Amurka. A lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ana ta kwaso gawarwakin samari sa'anninsa. Akwai wani kuka da lasifika kan yi idan jita ta matso kusa da ita, wanda masu sana'a ke ƙirgawa cikin aibu, suna neman hanyar kashe shi. Hendrix ya kama wannan aibin ya sarrafa shi, sai aka ji rugugin jirage da faɗuwar bama-bamai da kururuwa a tsakanin baitocin taken, ya kuma saka busar da ake yi wa soja ranar jana'iza. Bai furta kalma ko ɗaya ba. Wasu suka ji zagi, wasu suka ji makoki, shi kuwa da aka tambaye shi a talabijin cewa ya yi a ganinsa abin ya yi kyau. Ba wanda zai iya wannan sai gwani na gwanaye, amma ba wanda ke sauraron sa yana ƙidaya yatsu. Abin da yake son faɗa ya yi girman da sai da ya ƙago masa sabuwar dabara.

Haka nan lamarin yake ko da an juyo ta fuskar rashi. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham, a hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya fid da rai, sai aka sa masa faifan Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa masa hannu a 1928 amma ya ci gaba da kiɗa da yatsu biyu. Iommi ya narkar da roba ya yi wa yatsunsa huluna, ya koma ga siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu, abin da ya ƙara wa sautinsa nauyi da duhu. Wannan sautin ne dubban makaɗa masu cikakkun yatsu suka bi. A nan kusa da mu ma, Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar kuma bahago, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙinsa suka bazu daga waya zuwa waya, yau kuma masu sharhi a Turai da Amurka suna ambaton sa tare da Hendrix da Van Halen. Hannunsa yana da sauri ƙwarai, amma wanda ya saurari Afrique Victime na 2021 zai ji cewa saurin fushi ne a kan abin da aka yi wa nahiyarsa. A wajen waɗannan mutane buƙata ce ta riga zuwa, dabara ta biyo sawunta.

Saboda haka yawan sauti ko ƙarancinsa ba ma'auni ba ne. Mai sauti huɗu na iya zama mayaudari, mai sauti dubu na iya zama mai gaskiya. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne a duba inda kiɗan ya bar mai sauraro: yana kallon makaɗin ne, ko kuwa su biyun sun juya suna fuskantar wani abu da ya shafe su tare? Gwaninta amana ce. Wanda ya same ta, wasu ne suka koya masa, wasu suka yi haƙuri da kurakuransa, wasu suka ba shi kunnuwansu da lokacinsu. Haƙƙinsu a kansa biyu ne. Na farko ya sha wahalar koyo, kada ranar da zuciya ta zo da babban saƙo ta tarar da hannu gurgu. Na biyu, wanda ya fi wuya, ya iya kame hannunsa, ya bar abin da ya iya saboda ba a buƙatar sa a wurin. Malamin da ya san kalmomi masu wuya ya zaɓi masu sauƙi don ɗalibi ya gane, da likitan da ya ajiye Turancin asibiti ya dubi idon majinyaci, duk wannan jarrabawar suka ci.

Mu masu sauraro ma ba mu kuɓuta ba. Mujallar Rolling Stone ta jera gwanayen jita a 2003 da 2011 da 2023, kowane karo Hendrix ne a sama, kowane karo kuma sai an yi ta cacar baki a kan wanda aka ɗaga da wanda aka danne. Musu a kan faifai ba laifi ba ne, yana ma wasa kunne. Amma wanda ya mayar da faifan da yake so tambarin fifikonsa, yana yi wa mai son wani faifan kallon ƙauyanci, shi ma "ku gan ni" yake cewa, ko da ɓangaren shauƙi yake wa yaƙi.

Saura in koma ga sautuka huɗun da na fara da su. Gilmour ya fara kaɗa su ne a wurin gwaji, abokin aikinsa Roger Waters ya ji, sai suka tuna masa da Syd Barrett, wanda da shi aka kafa ƙungiyar, kuma abokin Gilmour tun suna samari a Kambirij. Barrett ya bar ƙungiyar a 1968 bayan hankalinsa ya taɓu, Gilmour ne ya gaji gurbinsa. A kansa aka rubuta waƙar. A watan Yunin 1975, suna cikin aikin faifan a situdiyon Abbey Road da ke Landan, sai ga wani mutum mai ƙiba, an aske kansa har da girarsa, ya shigo ya zauna. Suka daɗe suna kallon sa, kowa na zaton baƙon wani ne. Barrett ne. Idanunsu sun kasa gane mutumin da suka yi watanni suna kira da sauti huɗu.